A Ƙarƙashin Baƙin Ƙyalle

Sau uku ina kai akwatin nan fadamar Auyo,
sau uku ina dawowa da dishi-dishi.

Na katako ne, ƙafarsa uku,
cikinsa zuga-zugi irin na maƙera,
sai dai shi ba ya hura wuta, haske yake zuƙa.
A hannun magadan Cindo mai hoto na saye shi,
suka haɗa mini da baƙin ƙyalle
wanda har yau bai daina warin tabar marigayin ba.

Kawu Barau nake so in ɗauka
a bakin fangalin albasarsa,
da giginyar can bayansa
wadda ya ce shekarar da aka yaye shi ta tsiro.

Na shiga ƙyalle.
Zufa. Numfashina ya turare gilashi, na goge da hannun riga.
Duniya ta kife:
rafi a sama, gajimare a ƙasa,
Kawu na reto kamar jemage
amma hularsa ba ta faɗo ba.

In murɗa gaba, furfurarsa ta fito sili-sili,
giginya ta narke kamar man shanu a tuwo.
In murɗa baya, kowane ganye ya tsaya da kaifinsa,
Kawu ya koma hayaƙi mai hula.
Na sunkuyar da goshin akwatin kaɗan,
albasa ta jeru tar, daga ƙafata har bakin ruwa,
sai kan giginya ya yi fushi ya tafi.
Ashe ko a gilashi taura biyu ba ta taunuwa.

"Kai Ɗanjuma," in ji shi,
"jikokina da waya ƙyaf ɗaya suke yi.
Ruwa zai cinye mini fangali."

Na tsuke idon akwatin ya koma ƙwayar gero.
Na ce kada ya motsa, daƙiƙa biyu kacal.
Ƙuda ya ji.

Da dare a Haɗeja, na toshe taga da bargo,
na wanke, na ɗaga, na duba:
wani dattijo ne a bayan labule,
ba a san ko dariya yake ko atishawa ba.

Na zargi iska.
Na zargi Kawu da ƙudansa.
Na zargi idona, har tabarau na yanko,
kuɗin rabin buhun shinkafa.
Marka ta ce tun da na kawo akwatin
ita ma ban ƙara ganinta sosai ba.
Ban tanka ba.

Sai wata Talata, ina kwance ƙusoshi don haushi,
yatsana ya shafi gilashin.
Fuska biyu gare shi: ɗaya sumul, ɗaya kaushi.
Ranar da na saye shi na wanke shi da sabulu,
na mayar da shi a juye.
Kaurin tsinken ashana, iyakar kuskuren ke nan.
Abin da nake gani daidai ne a wurina,
fim kuwa yana zaune a wani wuri dabam
yana karɓar labarin da ban aika ba.

Zuwa na huɗu an riga an cire albasa,
fangali ya tsattsage, injin ban-ruwa na rufe da buhu.
Kawu ya zauna ba tare da na roƙa ba.
"Ni ko ita," ya ce. "Zaɓi ɗaya, rana na yi."

Na shiga ƙyalle, na murɗa a hankali,
na wuce giginya, na wuce hula, na wuce gemu,
na tsaya a hannuwansa bisa gwiwa,
inda laka ta bushe a tsagar babban yatsa.

Yanzu yana jikin bangon shagona.
Giginya na nan a baya, inuwa-inuwa,
masu shigowa suna ɗaukarta mutum ne ke tahowa.